Yaron da Ya Naɗa Sabon Sarkin Fawa

A wata unguwa cikin garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ɗan fari a gidansu, don haka mahaifiyarsa ba ta kama sunansa. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai, wannan." Mu ma bari mu sakaya sunan, mu rufa masa asiri.

Yaron nan yana gaida manya, yana zuwa aike. Matsalarsa ita ce yana da zaƙin baki, kuma yana da kwaɗayi. In waɗannan biyu suka haɗu a jikin yaro ɗaya, sai addu'a.

Abin ya faro ne wata safiya a wurin Barakatu mai ƙosai. Da layi ya zo kansa, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Hajiya, ina kwana?"

Barakatu ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ta yi dariya har ta kusa sakin matsami a cikin mai. Ta ce, "Allah ya amsa bakinka, ɗan nan." Ta cika masa gyara.

Yaro ya dubi ƙosai, ya yi tunani. Ashe suna ma yana kawo abinci.

Daga ranar ya buɗe rabon muƙami. Sabiru mai facin taya ya zama Injiniya, yana hura masa ƙwallo kyauta. Mai tsaron kantin magani ya zama Likita, yana miƙo masa alewa. Amma babban kamun da ya yi shi ne Kabo mai tsire, wani saurayin mahauci da ke kafa tukubar gasa tsire a bakin titi da yamma. Shi sai ya ba shi Sarkin Fawa sukutum.

Kabo ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Kai, rufa mini asiri. Sarkin Fawa ɗaya ne a garin nan, kuma a ƙarƙashinsa nake."

Ya faɗi haka ne yana murmushi, hannunsa kuma yana ƙara wa yaro yankan nama. Yaro bai ji maganar ba, hannun kawai ya gani.

A makaranta ne ya fara cin karo. Ranar bai yi aikin gida ba. Da malamar ajinsu, Malama Adawiyya, ta iso teburinsa, sai ya miƙe ya ce, "Farfesa, Allah ya ƙara ilimi."

Malama ta juya ta dubi bayanta. Ta ce, "Wa ya shigo?"

"Ke nake gaisarwa, Farfesa."

"Ni Malama ce," in ji ta. "Karatun koyarwa na yi aka ba ni wannan suna, kuma ina son abina. Farfesa yana can jami'a, ya sha wuyarsa shekara da shekaru. In ka ɗauko nasa ka ɗora mini, ba girmama ni ka yi ba, ba'a ka yi mini. Ina aikin gidanka?"

'Yan aji suka tuntsure da dariya. Ranar shi ya share aji bayan an tashi. Yana shara yana cewa a ransa, Malama ce kawai ba ta san daɗi ba.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta haihu, aka sami 'ya mace. Mahaifinsa, Malam Isyaku, dama ya daɗe yana kiwon wani farin rago saboda wannan rana. Shi yake yanko masa ciyawa, shi yake dama masa dusa.

Ranar suna, da aka idar da sallar asuba, mutane suka cika ƙofar gida. Aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa jaririya suna Khairat, aka yanka rago. Saura fiɗa, wato a cire fata a gyara nama, wannan kuwa aikin mahauta ne.

Sarkin Fawa da kansa ya zo da yaransa, domin abokin kakan yaron ne. Dattijo ne mai farin gemu da rawani. Sunansa Ɗantsoho, amma tun da aka naɗa shi a fada babu mai kiran sa da wannan suna sai tsofaffin da suka yi wasan ƙasa tare. Ya zauna a kan darduma. Yaransa suna gefe suna wasa wuƙaƙe, har da Kabo a cikinsu.

Aka ba yaronmu faranti ya raba goro. Yana rabawa yana lissafi. Za a gasa hanta. Mai riƙe da wuƙa shi ke ba da hanta. Tsoho mai rawani kuwa ba ya riƙe da komai sai carbi.

Da ya zo gaban dattijon, a tsaye ya miƙa masa goro, ya ce, "Sannu, Ɗantsoho."

Bai tsaya ya ga yadda fuskokin mutane suka canza ba. Ya wuce gaban Kabo, ya ajiye faranti, ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Fawa. Allah ya ja zamanin Sarki."

Maroƙin da ke tsakiyar kirari ya tsaya da baki a buɗe. Wani tsoho ya ƙware da goro.

Sarkin Fawa ya ajiye nasa goron a kan darduma. Ya miƙe a hankali, ya gyara babbar riga.

"Ashe an yi sabon naɗi ban sami labari ba," in ji shi. "Kabo, Allah ya taya ka riƙo. Ga rago, ga sarauta. Ni na koma gida."

Wuƙa ta faɗi daga hannun Kabo. "Baba, wallahi ban aike shi ba. Ban ma san shi sosai ba."

Dattijo bai waiga ba. Malam Isyaku ya bi shi yana ba da haƙuri, dattijo ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce. Sauran mahauta suka tattara wuƙaƙensu suka bi maigidansu. Kabo ne na ƙarshe, yana gudu da takalmi ɗaya.

Aka bar rago kwance a gindin bango.

Lokacin bazara ne, zafin Daura kuwa ba ya jiran kowa. Rana ta fara ɗagawa. Ƙudaje suka fara kawo gaisuwa. In ba a feɗe ragon nan da wuri ba, nama zai lalace, a zubar.

Malam Isyaku ya ɗauko waya ya kira wani mahauci a wata unguwa. Mutumin ya ce, "Ragon da Sarki ya tashi ya bari? Malam, ka yi haƙuri. Sai Sarki ya ce." Ya kira wani, shi ma haka.

Kawu Sagir, ƙanen mahaifiyar yaron, tela ne. Ya naɗe hannun riga ya ce, "A ba ni wuƙar girki da almakashina. Fata ai kamar yadi ce."

Malam Isyaku ya ce, "Sagir, don Allah zauna. Masifa ɗaya ta ishe ni."

A cikin gida mata sun hura wuta, sun jera tukwane, suna jiran nama. Sai yaro ya ji muryar mahaifiyarsa daga ɗaki.

"Kai, wannan. Zo nan."

Ya shiga yana jan ƙafa. Tana zaune a bakin gado da jaririya a cinya. Ba ta yi masa tsawa ba, kuma hakan ya fi duka zafi.

"Ka san ragon wane ne a waje?"

"Na Baba ne, Inna."

"Na ƙanwarka ne. Sau ɗaya ake yanka wa mutum ragon suna. In ta girma ta tambaya, me za mu ce mata?"

Yaro ya dubi 'yar fuskar Khairat tana barci, ba ta san me ake ciki ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya kama shi. Hawaye suka zubo.

"Inna, ni fa na ga kowa yana jin daɗi in na ba shi babban suna."

"Wanda ka ƙwace wa ka ba wani fa? Shi ma ya ji daɗi?"

Mahaifinsa ya leƙo ya ce, "Sa takalminka. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Suka hau babur. A hanya Malam Isyaku ya ce, "In mun isa, ka tuɓe takalmi a waje. Ka durƙusa. Kada ka kama sunansa. Kuma kada ka yi ƙarya."

Suka tarar da Sarkin Fawa a zaurensa yana jan carbi. Yaransa sun yi jugum. Kabo yana can lungu ya haɗa kai da gwiwa.

Yaro ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Fawa."

Dattijo ya nuna lungu da carbi. "Ga shi can."

Kabo ya ƙara nutsar da kai. "Baba, don girman Allah."

"A'a, ranka ya daɗe, kai nake nufi," in ji yaro. "Na yi kuskure. Na kira sunanka gatsal, kuma na ba wani sarautarka. Ka yafe mini."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"To me ya sa ka?"

Yaro ya saci kallon mahaifinsa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Hanta, ranka ya daɗe."

"Me?"

"Na ga shi ne yake riƙe da wuƙa. Na ce in na kira shi Sarki zai sam mini hanta."

Sarkin Fawa ya dubi yaron. Gemunsa ya fara motsi. Sai dariya ta ƙwace masa, har rawani ya karkace. Yaransa ma suka samu damar sakin tasu.

"Isyaku, ka ji ɗanka? Sarautar da aka naɗa mini a fada, shi a kan yankan hanta ya sayar da ita."

Ya share ido, ya ce wa yaro ya matso. Ya buɗe masa tafin hannunsa. Duk tabon wuƙa ne, wani kan wani.

"Ka ga waɗannan? Tun babanka bai fara tafiya ba nake fiɗa. Na ɗauki fata a ka, na wanke hanji, na kwana a kasuwar shanu. Bayan duk wannan aka kira ni aka naɗa mini rawani. Likita ma haka ya sha wuyar nasa, alƙali ma haka. Shi ya sa ba a wasa da sunan. Kabo yaron kirki ne, wata rana yana iya kaiwa. Amma ba kai za ka naɗa shi ba."

"Na gane, ranka ya daɗe."

"To ku tashi. Kada ƙudaje su riga mu."

Suka iso rago bai lalace ba, amma saura kaɗan. Nan da nan wuƙaƙe suka kama aiki. Sarkin Fawa ya ce yaro ne zai riƙe ƙafar rago, kuma shi zai wanke hanji. Ya wanke yana toshe hanci da kafaɗa, 'yan uwansa yara suna yi masa dariya. Bai yi ƙorafi ba. Da ya ji mai ya fara ƙara a cikin gida, sai ransa ya yi sanyi.

Da aka gama, dattijo ya kira shi gaban jama'a.

"Bari mu ji ko karatu ya zauna. Ni wane ne?"

"Sarkin Fawa, ranka ya daɗe."

"Wancan fa?"

"Malam Kabo mai tsire."

"Madalla. To kai fa, mece ce sarautarka?"

Yaro ya yi tunani. Ba shi da rawani, ba shi da digiri. Can sai ya ce, "Ni yayan Khairat ne."

Sarkin Fawa ya dafa kansa. "Wannan taka ce, ba wanda zai ƙwace maka. Ka riƙe ta da kyau."

Yara, ku kira kowa da muƙamin da yake nasa. Kada ku rage wa babba girmansa, kada kuma ku ɗora wa mutum abin da bai kai ba don neman wani abu a hannunsa. In ba ku san yadda ake kiran mutum ba, ku tambayi iyayenku kafin ku buɗe baki.