Kada a Kashe Injin

Ranar da Zaliha ta fara ganin Idrissa, hannunsa ta buge.

Ya shigo biro, ofishin ƙungiyar makiyaya ta Gure, ya tarar ordinata, wato kwamfuta, ta daskare, ya miƙa hannu zai zare waya daga bango yadda kowa ke yi. Bai lura da mai durƙuso bayan tebur ba.

"Kar ka taɓa!"

Ya ja da baya yana murza hannu. "Subhanallahi! Madam, haka ake tarbar baƙo a garin nan?"

"Baƙon da ya zo ƙarasa mara lafiya, haka ake tarbarsa."

Shi ne sabon likitan dabbobi da aka turo daga Maraɗi. Ita kuwa 'yar Alhaji Hamidu ce, shugaban ƙungiyar. Ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Tunis ba, da babbar takarda da gajeren haƙuri. Ita ta kafa tsarin da ke aika wa makiyayan Bune da Kelle da Alakoss saƙon waya: wace rana za a yi wa dabbobi allura, kuma a bakin wace rijiya.

"Cikin akwatin nan akwai inji na biyu, ba na ƙarfe ba," in ji ta. "Shi ke aika saƙo. Abin da yake tunani yanzu yana cikin ƙwaƙwalwarsa. Ka zare waya, ya bi iska. Ni tsayar da shi nake cak, in kwashe ƙwaƙwalwar a faifai, in ga abin da ya shaƙe shi."

"Wato ɗibar jini kafin saniya ta mutu."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. Tun dawowarta babu wanda ya gane a faɗa ɗaya.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Injiniya, hannuna ya kumbura. Wa zai biya diyya?"

Ta rubuta: "Likitan shanu, sha maganin shanu."

"Na sha. Yanzu kuma zuciya ce."

Ba ta ba da amsa ba. Amma ba ta goge saƙon ba.

Kafin damina ta wuce, kowa a biro ya san dalilin da likita ke zuwa tambayar abin da ya riga ya sani. Magana ta kai ga Alhaji, ya yanke ta a taƙaice.

"Ma'aikacin gwamnati baƙon dare ne. Gobe a canza masa gari, ya kwashe mini 'ya. Ga Modu ɗan ƙanwata, shagonsa na waya a tsakiyar kasuwa, ba inda za shi. Ba zan tilasta ki ba, amma wancan ban yarda ba."

Ana nan har bazara ta zo, Zaliha ta tafi Damagaram sayen kayan aiki. Da ta dawo, ƙofar biro cike take da rawuna da sanduna.

Saƙo ne ya fita da sunan Idrissa: a kawo shanu rijiyar gabas da Alakoss domin allura. Rijiyar nan ta kafe tun bara. Mutane suka koro garke cikin zafin bazara, suka tarar ba likita, ba ruwa. A hanyar komawa shanu suka yi ta faɗuwa. Wani tsoho ya rasa saniyar da yake tatsa wa jikokinsa.

Zaliha ta kutsa cikin taron.

Idrissa na tsaye a tsakiya. "Wallahi ban aika ba. Ina Kelle tun Alhamis, inda ko rezon waya babu."

"Sunan wa ke ƙasa?" in ji Modu, yana ɗaga waya. "Ko aljani ne ya rubuta?"

Alhaji ya nuna akwatin da sanda. "Gobe zan kai ƙarar likitan nan. Modu, kashe mini wannan annoba kafin ta sake yin magana."

Zaliha ta sha gaban Modu. Ba ta taɓa ɗaga murya gaban mahaifinta ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, in an saci saniya, ana share sawu?"

Tsohon da ya yi asara ya ce, "A bar yarinya ta bi sawu."

Ta tsayar da injin na ciki, ta jona faifai, ta fara kwasar ƙwaƙwalwarsa. Layi ya riƙa tafiya a allo kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. Kowa ya watse, ita kaɗai ta rage. Saƙo ya shigo daga Idrissa.

"Zali, ko me kika gani, ki faɗa. Ko da ni ne."

"Zan faɗa," ta rubuta. Amma ita ma ta fara shakka.

Da ta buɗe abin da ta kwasa, sai ta ga ba wanda ya rubuta komai a satin nan. Injin da ke aiki ba na yanzu ba ne. Tsohon kwafi ne da ta ajiye tun bara, lokacin da rijiyar ke da ruwa, da saƙon da bai kai ga aikawa ba maƙale a kansa. Sunan ofis ne a jikinsa, waya kuwa sunan likitan da ke kan aiki take nunawa. An ɗauke wa akwatin kuran, wato wutar lantarki, ranar Juma'a, aka maido da safiyar Asabar, wani ya tashi tsohon maimakon sabon. Yana farkawa ya ƙarasa aikin bara.

Ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta tuna makullin biro uku ne: nata, na Idrissa, da na Baba.

A gida ta tarar da mahaifiyarta Inna Hawa tana tankaɗe.

"Inna, an yi baƙi ranar Juma'a?"

"Dangin uban Modu, sun zo maganarki. Kuran ya ɗauke, babanki ya sa aka ɗauko batiran biro aka jona firigo na sanyaya ruwa, kar a ba surukai ruwan zafi. Da safe Modu ya maida, ya ce ya kunna komai lafiya lau. Me ya faru? Kin ga fuskarki kuwa?"

Zaliha ta zauna a ƙasa. "Innalillahi."

Ruwan sanyin neman aurenta ne ya kashe shanun mutane. In ta yi shiru, Idrissa ya tafi da baƙin suna. In ta yi magana a biro, ta tuɓe wa mahaifinta rawani a gaban jama'arsa.

Ta sami mahaifinta shi kaɗai bayan la'asar, ta durƙusa, ta faɗa masa daga farko har ƙarshe, ba ƙari ba ragi. Casbinsa ya tsaya.

"Batiran?"

"Su, Baba."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Ko shi?"

"Ko shi. Amma na yi masa alkawari zan faɗa."

Bai ce ta tashi ba, shi ya tashi.

Washegari a ƙofar biro, Alhaji Hamidu ya yi magana a tsaye, abin da bai saba ba. "Ni na ɗauke kuran. Yaron nan ba ruwansa. Duk wanda saniyarsa ta faɗi, ya shiga garkena ya zaɓa."

Wuri ya ɗauki salati. Modu ya sulale ta bayan mota.

Alhaji ya juya ga Idrissa. "Na zage ka a gaban mutane, ba ka rama ba. Ka ce wa manyanka su zo daga Maraɗi." Ya gyara rawani. "Ruwan randa za su sha."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Tsohon nan na Alakoss ya zo da ƙwaryar nono daga sabuwar saniyarsa, ya dire gaban amarya.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Allah ya sa duk inda za ku, rijiya da ruwa."

Duk gidan ya amsa da amin. Muryar Alhaji ta fi ta kowa.