Haƙorin Mijinyawa da Auren Zulaihatu

Duk faɗin Danchadi babu wanda ya riga tsoho Mijinyawa ganin abin. Tun ran da Hamisu, ma'aikacin jinyar nan ɗan Horo Birni, ya fara zuwa duba shi, jikarsa Zulaihatu ta kawo wa baƙo ruwa, tana zubawa kofi ya cika yana malala ba ta sani ba, tsoho ya ce a ransa: an gama! Masu ido biyu da boko sai daga baya suka farga.

Amma ranar da za a ba ku labarinta ba da dariya ta fara ba.

Zulaihatu ce tsaye a ƙofar ɗakin kakanta, ta ware hannuwa ta tokare ƙofar.

"Wallahi ba mai shiga!"

A gabanta ga mahaifinta Umar, ga Na'Allah wanzami da zabirarsa, ga Rabi'u ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana sonta tana kauce masa.

"Ke Zulai, kauce," in ji Umar. "Ba ki jin nishin tsohon?"

"Ina ji, Baba... ai ni ke kwana da shi. Amma ba a cire haƙorin nan."

Ga yadda abin yake. Kansar mafitsara, irin ta maza, ta kama Mijinyawa har ta gangara cikin ƙashi. Da wani ne, da tuni an yi sadakar bakwai, amma Mijinyawa ba wani ba ne. Likita a Sakkwato ya ce akwai ruwan da ake ƙarawa don ƙashi ya yi ƙwari, kada ƙugu ko gadon baya ya karye. Bai ɓoye sharrinsa ba: zazzaɓi bayan an ƙara, sai an riƙa auna jini saboda ƙoda, kuma babban abin, in aka cire haƙori ana kan maganin, ramin na iya ƙin warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe. Hamisu ne ya zauna ya warware wa tsoho wannan da Hausa. Aka duba baki, lafiya lau, aka fara.

Zazzaɓin farko ya kwantar da tsoho, gida ya ruɗe. Daga baya kuma ya ga yara na fama da goruba, ya karɓa don ya nuna musu yadda maza ke yi. Goruba ce mai taurin kai. Turmin haƙori ya tsage, kumatu ya haye.

Nan Rabi'u ya samu ƙofa.

"Baffa, na hwaɗa maka," ya ce yana ɗaga murya don mata su ji. "Tun da yaron ga ya shigo gidan ga, daga zazzaɓi sai kumburi. Gwajin magani shikai da tsohonmu don a yabe shi wurin aiki. Yanzu haƙori ma sai da izininai?"

"Ƙarya kakai, Yaya Rabi'u!"

"Ke! A gabana?" Umar ya daka mata tsawa. "In ba ki kauce ba, ki hwaɗa wa Hamisu kada in ƙara ganin ƙafatai a ƙohwar gidana."

 Hawaye suka zubo wa Zulaihatu.

Amma ba ta kauce ba.

Na'Allah wanzami ya gyara tsayuwa. "Ni dai kirana anka yi. Ku daidaita, ba ni ƙetare ɗiya mace in shiga ɗaki."

Sai ga ƙarar babur. Tun da Zulaihatu ta hango wanzami ta kira Hamisu a waya, ya baro asibitin Boɗinga ko rigar aiki bai cire ba. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban Umar.

"Baba, a yi haƙuri..."

"Tashi. Magana guda ta," in ji Umar. "Kana son ɗiyata?"

"Allah shaida ne."

"To hwaɗa mata ta kauce a cire haƙorin ga, a bar ruwan naku haka nan. In ka yi, gobe ka turo manyanka a sa rana. In ka ƙiya, hanyar Horo Birni tana nan inda ka bar ta."

Zulaihatu ta dube shi. Zancen sa rana daga bakin mahaifinta, ba ta taɓa ji ba sai yau. Rabin zuciyarta na cewa ya amsa, rabi na cewa in ya amsa ba shi ne Hamisunta ba.

Hamisu ya ɗago kai.

"Baba, ni ba likita ba ne, kuma ban ce maganin ba shi da illa ba. Yana da ita. In Kaka ya ce a bari, haƙƙinsa ne, sai mu tahi mu gaya wa likita. Amma ko an bari yau, wanda anka riga anka ƙara yana nan cikin ƙashi. In an cire haƙorin nan a tsakar gida, ina tsoron abin da za ya biyo. Ba ni iya cewa a cire."

Ya juyo, idonsa jawur.

"Zulai, hasken idona... ki yafe mini."

Ta fashe da kuka, ta ƙara riƙe ƙofar.

Rabi'u har ya fara murmushi.

"Wa ke sa matata kuka?"

Muryar ta fito daga ɗaki a dakushe, amma muryar Mijinyawa ko a dakushe ta fi ta wasu a buɗe. Ya dafa kafaɗar jikarsa ya fito, kumatu kamar ya ƙunsa dambu.

"Kaka, koma ka kwanta..."

"Yi shiru, amarya. Ana rabon aurenki ina kwance?" Ya dubi ɗansa. "Umaru, bakin wa ke ciwo?"

"Naka, Baba."

"Ƙashin wa anka ce za ya karye?"

"Naka."

"To mi ya sa kowa ke da magana sai mai kaya? Ni na auna abin ga tun a Sakkwato, irin awon da nikai wa albasa, ba a cuce ni. Zazzaɓi na sha shi, ya wuce. Ƙoda ana dubawa. Haƙori, ko duk sun ƙi aiki, a goga mini goro a magogi in watsa. Amma ƙugu in ya karye, wa ke ara mini nashi? Kai, ko Rabi'u? In kwanta ana juya ni kamar waina, ana kawo mini tasa? Ni Mijinyawa?"



"Kuma ku dubi ɓarawon matata," ya nuna Hamisu da sanda. "An miƙa mai amarya a hannu, ya mayar saboda muƙamuƙin tsohon da ko gadonai ba ya ci. Kai Rabi'u, da kai anka yi wa tayin ga, da har harshena ka sa an cire."

Mata suka kwashe da dariya daga bayan danga. Rabi'u ya tuna yana da ban ruwa a fadama.

Na'Allah ya rataya zabirarsa. "Allah shi ƙara sauƙi, Mijinyawa. In aski ya taso a kira ni."

Umar ya saki fuska. Ba mugu ba ne, nishin uba ne ya hana shi tunani. Ya matsa ya kama hannun Hamisu ya tashe shi.

"Nemo mota, ɗana."

A Sakkwato likitan haƙori ya wanke cikin haƙorin, ya cike shi, bai cire ba. Likitan da ke duba kansar ya ɗaga ƙarin ruwa har baki ya lafa, sannan aka ci gaba. A kan hanyar dawowa tsoho ya yi kamar yana barci, ya ji Zulaihatu na raɗa:

"Da ka amsa wa Baba, da na tsane ka."

"Da na rasa ki fa, zuciyata?"

"Da na biyo ka Horo Birni da ƙafa!"

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Mijinyawa ya taka da ƙafarsa har masallaci, shi ya ba da jikarsa, ya ce wa ango ya sakar masa ita ne don tausayi. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci, ya saka wa yaron da ya ƙi yin ƙarya, ya yi wa Zulaihatu albarka. Ciwon bai tafi ba, ana nan ana shan magani ana auna jini, amma ya san gidan wa ya shiga.

Wanda ya ce an ƙara gishiri, Danchadi ba ta ɓata ba. Ya zo da fartanyarsa da hantsi, a ja masa kunyar noma ɗaya, a ja wa Mijinyawa ɗaya, a ga wanda zai fara neman inuwa.