Tushen Laimar Kwaɗi

Rub da ciki wata budurwa ta same shi cikin jiƙaƙƙen ganye, yana ɗaukar hoton wata farar laimar kwaɗi. Da ya gama, ya zaro wuƙa ya yanke ta.

"Malam, ka kashe shaida," in ji budurwar mai kwando. "Ba a yankawa, tonowa ake yi. Mai kisa da mai daɗi hularsu ɗaya, a tushe suke rabuwa. In ka ga jaka a tushen, ko akuyar maƙiyinka kada ka ba."

Ta tura ɗan madubi ƙarƙashin wata don ya ga cikinta, ya danna kyamara. A gida ya tarar laimar ta fito dishi-dishi, idon budurwar kuwa tar a madubin. Ta ba shi lambarta don ya riƙa tambaya kafin ya kashe kansa, sai ya rubuta:

"Madubina, hoton ya lalace. Sai mun sake."

Bayan wata biyu ta amsa irin wannan saƙon da cewa: "Mai hoto, karo na tara ke nan. Ka sayar da kyamarar nan."

Da ya nemi aurenta, babanta ya ce sam. Shekara arba'in yana neman laima a daji, kuma da hannunsa ya binne ƙaninsa, wanda ya ci wata da ya rantse ya sani.

"Wanda ke zaɓen abinci don kyan fuska? Gawarki zai kawo mini, da hoto."

Gwaggonta kuma ta tsaya wa wani mai kantin magani, mai mota da wayar da ke faɗin sunan kowane tsiro. Mai hoto ya ga motar a ƙofar gidansu, ya yi zuciya, mako guda bai rubuta ba. Namiji dai ko ya yi karatu, da ido yake tunani.

"Ka ga hula ka yanke hukunci," ta rubuto. "Me na koya maka? Baba ya ce ku zo Asabar, kai da mai motar."

Tsohon ya ajiye faranti a tsakar gida, fararen laimomi biyu a kai.

"Wacce za ka dafa wa 'yata?"

Mai kantin magani ya haska wayarsa. "Ta dama, Baba. Ko shakka babu."

Mai hoto ya juya su, ya sake juyawa. An yanke su daidai wuya.

"Baba, ban sani ba. An bar tushen a ƙasa. Gara ta kwana da yunwa."

Mai kantin ya tuntsire da dariya. Tsohon ya kife farantin a kwandon shara.

"Duka biyun masu kisa ne. Da ƙanina ya iya faɗin abin da ka faɗa, da shi zai karɓi gaisuwarka yau."

Kafin damina ta ɗauke aka ɗaura aure. Tsohon ya damƙa wa ango tsohon matoninsa, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Wuƙar nan kuma ka bar wa mahauta."

Hoton farkon yana rataye a ɗakinsu. Baƙi kan ce laimar ba ta fito ba.

"Ai sai mun sake," in ji ango, amarya ta jefe shi da matashin kai.