Ƙwaƙwalwar Gurbi na Biyu

Ƙarar ta iso komisariyar 'yan sandan Dungas da hantsi, kuma wanda ya kawo ta da ƙafarsa shi ne Souleymane, direktan cibiyar manoma, wadda ke tura wa mutanen karkara saƙon ruwan sama a salula kowace safiya. Ya ce wani injiniya daga Damagaram ya buɗe babban ordinatar ɗinsu, wato kwamfutar cibiyar, ya tarar an cire ɗaya daga ƙwaƙwalensa biyu, an ɗora matacciya a gurbinta. Ɓarauniyar ma ya zo da sunanta: Surayya, mai kula da na'urar, wadda ta buɗe ta ranar Alhamis don share ƙura.

Sufeto Ɗalha ya saurare shi yana kaɗa biro a yatsa. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, kuma bai taɓa son ƙarar da ta zo da mai laifinta a ɗaure ba. Ya hau babur ya bi shi.

Ya sami Surayya zaune a bakin ƙofar cibiyar, an karɓe mata makulli. Ba ta yi kuka ba, amma tsoro ya bayyana a fuskarta, don ta san in aka rubuta mata sata, aiki ya tafi, kaso kuma na jiranta a Magaria.

"Ni ban san komai a kan ƙarfen nan ba," in ji Ɗalha. "Gaya mini yadda yake tashi, kamar kina gaya wa kakarki."

Ta yi masa bayani a tsanake. Allon da ke cikin na'urar yana da gurbi biyu, kowanne da ƙwaƙwalwarsa, kowace ƙwaƙwalwa da ƙwayoyi takwas a cikinta. In an ba shi wuta, ƙwaya ɗaya tak ce ke farkawa a gurbin farko. Umarnin da aka dasa a allon zai sa ta shirya ma'ajiya, ta tada 'yan uwanta bakwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙwanƙwasa wa gurbi na biyu.

"In ba a amsa ba fa?"

"Sai ta jira minti biyu ta sake. Sau uku. Daga nan ta haƙura ta ci gaba ita kaɗai, fitila ta yi kore kamar lafiya lau."

"Ke ba ki lura ba?"

"Ƙarfe takwas nake zuwa, ranka ya daɗe, na tarar ta tashi. Kuma mai share ƙura ba ya ɗaga murfin ƙwaƙwalwa."

Ɗalha ya sa aka ba ta makulli na ɗan lokaci, ta buɗe masa abin da na'urar ke rubutawa duk tashi. Tashi goma na ƙarshe kawai take ajiyewa, sau ɗaya kuma ake tada ta a rana. Duka goman magana ɗaya ce: gurbi na biyu bai amsa ba. Alhamis kuwa kwana biyar ne da suka wuce.

Souleymane bai ji daɗin wannan ba, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce ai ba Alhamis kaɗai ta taɓa buɗewa ba, kuma shi dai bai ga wani canji a na'urar ba sai da injiniya ya zo. Ɗalha ya rubuta maganar, ya ja mata layi a ƙasa.

Sai ya nemi wanda ke kunna ta. Mala ne, tsohon gardi mai gadin cibiyar, wanda ke kashe ta da magariba saboda batirin sola ba ya kai safe, ya kunna ta bakwai saura biyar. Mala bai san ƙwaƙwalwa ba, bai san gurbi ba, amma shayinsa kam ya san shi.

Ya ce da can yana danna maɓalli, kafin ya gama hura gawayi fitila ta yi kore. Yanzu kuwa sai butar ta tafasa tukuna.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar sunan jikata Ruma'isa. Ina sauri in tafi raɗin suna, abin nan ya shanya ni. Yau kwana ashirin da biyu."

"Ka gaya wa wani?"

"Na gaya wa mai gida direkta. Ya ce zafi ne, kada in dami yarinyar nan Surayya da shi."

Ɗalha ya sha kofi ɗaya, ya yaba ɗacinsa, ya miƙe. Tun a nan ya san inda zancen zai kwana, saura ya ɗaure bakin zaren. A rajistan ma'aikata ya ga Surayya ta yi wannan makon gaba ɗaya a Damagaram wajen horo, makullinta kuma a aljihun direkta ya kwana bakwai. A jikin allon sanarwa kuma ga wata takarda da hatimin Souleymane, an mai da saƙon safe daga ƙarfe bakwai zuwa bakwai da kwata. Kwananta ashirin da ɗaya.

Ya tara su ukun a ɗakin na'ura, ya ce wa Mala ya kashe ta ya sake kunnawa. Fanka ta ɗauka. Fitila ta tsaya ja.

"Yanzu ƙwayar farko ta farka," in ji Ɗalha, ya duba agogonsa. "Tana kiran gurbi na biyu. Muna da minti shida, Direkta. Ka ce ba ka ga canji ba. To me ya sa ka ɗaga lokacin saƙo washegarin sunan Ruma'isa?"

Souleymane ya ce manoma ne suka roƙa. Da aka tambaye shi wane manomi, sai ya rasa suna ko ɗaya, shi da ya san kowa daga Dungas har Waca.

Minti biyu suka wuce. Ɗalha ya ajiye rajista a gabansa, buɗe a shafin makulli. Gumi ya jiƙa wuyan rigar direkta.

A kira na uku Souleymane ya zauna a kan kwali, ya riƙe kai.

"Na ga tana aiki da ɗaya," ya ce. "Na ɗauka ta biyun zaman banza take yi. Wani ɗan kasuwa a tsallaken iyaka ya saya, shi ya ba ni matacciyar. Da na ji injiniya zai zo, sai na sa Surayya ta share ƙura."

Surayya ta dube shi. Shi ne ya ɗauke ta aiki, shi take gaisarwa da Baba kowace safiya, kuma wannan ya fi satar yi mata ciwo.

Ɗalha ya zaro makullan cibiyar daga hannun Souleymane ya danƙa mata, ya ɗaura masa ankwa. Suna kaiwa bakin ƙofa fitilar ta yi kore.