Sunan Da Tabawa Ba Ta Kira Ba

Nusaiba na zaune a tsakar gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi tana tsinke zogale, amma rabin ganyen a ƙasa yake zuba, don hankalinta na kan ƙaramar rediyon Umma. Hantsin Asabar ne, lokacin da ake saka shirinta. Ita ke rubuta labaran matan da suka yi suna a tarihi, ta ƙara musu gishiri, 'yan wasa su karanta a rediyo. Ta yi sarauniyoyin da, ta yi malamai mata, ta yi fatake, babu wanda ya taɓa ɗaga mata yatsa. To, wa zai ɗaga? Mutanen sun daɗe a ƙasa, ba wanda zai fito ya ce an yi wa kakarsa ƙarya.

Wannan karon kuwa gida ta taɓo. Marigayiya Hajiya Tabawa ta Unguwar Gano, mai kiɗan ƙwarya, wadda a zamaninta bikin da ba ta je ba ba a kiransa biki, kakar Abdulmalik ce, saurayin da za a sa musu rana bayan Sallah. Mahaifinsa, Alhaji Bello, shi ne ɗanta na fari.

"Umma, yi shiru, ga wurin nan ya zo!" in ji Nusaiba, tana ƙara murya.

A cikin rediyo kiɗa ya tsaya cak. Mai fitowa a matsayin Tabawa ta ɗaga murya: "Jama'a, na yi wa kowa waƙa, yau ta ɗana zan yi. Bello! Bello nawa, taho in gan ka!"

Umma ta saki ludayin da ke hannunta.

"Ke! Sunansa ta kira? A bainar jama'a?"

"Umma, labari ne fa. Abdul ya faɗa min har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, kuma abin yana cin ransa. Shi ne na ce bari in yi masa kyauta."

"Kyauta? Matan zamanin da ai ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, kin fi kowa sani. Kin tambayi masu ita kafin ki sa mata wannan magana a baki?"

"Haba Umma, in na tambaya ai ba safirayiz ke nan ba. Kunyar ɗan fari kuma tsohon yayi ce."

Umma ta dube ta, ta girgiza kai, ta ɗauki ludayinta. Nusaiba kuwa har da 'yar rawarta, tana jiran a kira ta a sa mata albarka. Yarinya ce mai kirki, sai dai tana da cutar marubuta: gani take duk abin da rayuwa ta ɓata, alƙalaminta zai iya gyarawa.

Bayan la'asar Abdulmalik ya zo. Bai shiga soro kamar yadda ya saba ba, a jikin mota ya jingina, idanunsa jawur.

"Abdul, lafiya? Baba ya ji?"

"Ya ji. Muna kan titin Zariya shirin ya zo. Nusaiba, tunda aka haife ni ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai yau. Cewa ya yi in yi fakin. Ya kifa kai yana kuka kamar yaro, yana cewa 'na'am, na'am', shi da rediyo!"

"To ai... ai daɗi ya ji ke nan?"

"Da farko. Da shirin ya ƙare sai ya share fuska, ya ce, 'Ƙarya ce. Ba ta taɓa ba.' Bai sake magana ba har gida. Ya tara mu ya ce an fasa sa rana. Ya ce yarinyar da za ta sa wa matacciya magana a baki, gobe me za ta sa wa rayayyu?"

"Innalillahi! Abdul, wallahi faranta masa na so in yi!"

"Na sani. Amma ki gane, tun yana nono aka yaye shi aka kai shi gidan baffansa a Tarauni, don dangin babansa malamai ne, ba sa son kiɗa. Yana girma yana jin muryarta a gidan kowa, tana wasa attajirai da 'ya'yan wasu, shi ko sau ɗaya. Ya san kunya ce, ba wai bai sani ba. Amma ya ce yaro ba ya ƙoshi da kunya. Abin da ya shekara sittin yana jira kika miƙa masa, sannan ya duba ya ga na roba ne."

Ta fashe da kuka. Shi kuma ya ce, "Ya hana ni zuwa, ya hana ni kira. Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan auri wata ba. Ki yi min haƙuri, ki jira ni."

Ya shiga mota ya tafi, ta bi ƙurar da kallo har ya sha kwana.

Wanda bai taɓa jiran kiran da aka hana a yi masa ba bai san tsawon yini ba. Sallah ta zo ta wuce, atamfar da Nusaiba ta ɗinka don ranar sa rana na nan a ninke cikin akwati. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Wayarta kullum a cike da caji, kullum a hannu, in ta yi ƙara sai zuciyarta ta yi tsalle, ta duba ta ga furodusa ne yana neman rubutu. In za ta wurin aiki sai ta ce wa mai adaidaita ya bi ta Tarauni, alhali ba hanya ba ce, don kawai ta hangi koren get ɗin gidansu Abdulmalik. Sau da yawa ta rubuta masa saƙo ta goge. Tana kewarsa, kewa mai ciwo, har dariyarsa mai kama da tarin tsohuwar mota da take yi masa tsiya a kai.

Ƙawayenta suka ce, "Ke dai kin cika wauta! Ki yi masa magana ta wata lamba mana, wa zai sani?"

"Allah zai sani," in ji ta. "Na shiga tsakanin uwa da ɗa na ga yadda ta kaya. Ba zan shiga tsakanin uba da ɗa ba."

Abu ɗaya ta yi. A farkon shirin wata Asabar ta karɓi makirufo da kanta, ta ce wa masu sauraro wurin nan da Hajiya Tabawa ta kira sunan ɗanta ƙirƙirarta ce, bai faru ba, tana neman gafarar iyalinta. Daga gidan Alhaji Bello ko tari ba a yi ba.

Umma ce ta gaji da ganin ta haka. "Tashi ki je Darmanawa wurin Goggo Lanti," ta ce. "Ita ma kin ɓata mata, ki je ki ba ta haƙuri."

Goggo Lanti ita kaɗai ta rage a cikin 'yan amshin Tabawa, kuma a wurinta Nusaiba ta samo yawancin labarin tun farko. Ta tarar da ita a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Tsohuwa ko gaisuwar ba ta bari ta ƙare ba.

"Au, ke ce mai rediyo? Kin mai da uwar ɗakina marar kunya a gaban Kano duka! Tabawa ce za ta buɗe baki ta kira ɗan fari? Matar da ko mai biki in sunansa ke nan, sai dai ta ce 'mai sunan manya' ta wuce?"

"Ki yafe ni, Goggo. Da kika ce min ba ta taɓa kiransa ba, sai na ɗauka..."

"Kika ɗauka ba ta son sa. Ku 'yan yanzu in ba a yi ihu ba, ba a yi so ba. Da kin zauna kin ƙarasa ji, maimakon ki kashe na'urarki ki ce kina sauri, da na faɗa miki aikin da na yi mata wanda ya fi amshi."

Ta faɗa mata. Nusaiba ta saurara, hawaye na bin kumatunta, wannan karon ba ta taɓa waya ba balle ta ɗauki murya.

"Goggo, wannan ba nawa ba ne. Ba zan sa a rediyo ba. Amma akwai mai shi, kuma bai taɓa ji ba."

Tsohuwa ta ture gyaɗar gefe. "Tabawa ta ce kada in faɗa masa tana raye. Bayan ta rasu kuma, wa ya tambaye ni? Miƙo min mayafina da tsintsiyar can."

Adaidaita ta sauke su a bakin koren get. Nusaiba ta riƙo hannun Goggo har ƙofar falo, sannan ta durƙusa a waje gefen takalma, kanta a ƙasa. Ta hangi ƙafafun Abdulmalik a bakin baranda, ta gane su sarai, amma ba ta ɗago ba. Wata nawa tana mafarkin ganinsa, yau ga shi kusa, ƙafafunsa kawai ta iya kallo.

Alhaji Bello ya fito, ya gaida tsohuwa cikin ladabi, ya ga wadda ke durƙushe ya ɗaure fuska.

"Inna, in maganar yarinyar nan ce ta kawo ki..."

"Ba ita ba ce. Zauna. Miƙo ƙafarka."

Ya zauna, ya miƙa ƙafar. Goggo ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗora shi a gefen ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya daidai wurin.

Alhaji ya zabura. "Ke ce! Matar nan da ke tare ni a hanyar firamare duk azumi! Mu da muke cewa mayya ce, muna gudu!"

"Ni ce mayyar. Takalmin Sallah da baffanka ke ba ka, ka taɓa jin ya matse ka?"

"A'a..."

"To wa kake zaton ke zuwa kasuwa da tsinke a ƙullin zane? Duk bikin da za mu, ko a ina yake, sai ta ce a bi ta Tarauni. In mun zo saitin makarantarku sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai, ta ce, 'Lanti, duba min. Ya yi ƙiba? Wace riga ya sa? Yana wasa da yara ko shi kaɗai yake?' Ni ce idonta. Ranar da ka faɗo daga mangwaro ka fasa gira, da na faɗa mata, a nan ta juya. Gidan biki cike da mata suna jira, Tabawa ta ajiye ƙwarya ta shige ɗaki, sai da na kawo labarin an ɗinke sannan ta sa ruwa a bakinta."

Hannun Alhaji ya tafi kan tabon girarsa ba tare da ya sani ba.

"Tsinkayen nan kuwa ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Takan jera su a tafin hannu daga ƙarami zuwa babba, ta ce, 'Lanti, kin ga yadda yaron nan ke girma?' Iyakarta ke nan, yaron nan. Ko ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya yi mata nauyi ne, ɗana, ba ƙi ba ne."

Alhaji Bello, mai furfura, mai jikoki, ya karɓi guntun tsinken nan ya riƙe da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, don kowa ya ga kukan ya daɗe yana neman hanya.

Can ya share fuska ya dubi ƙofa.

"Nusaiba."

"Na'am, Baba."

"Na ji haƙurin da kika bayar a rediyo. Na kuma sa ido a kan yaron nan, na san ko sau ɗaya ba ki neme shi a ɓoye ba. Wannan labarin, kin naɗa?"

"A'a, Baba. Naka ne."

Ya gyaɗa kai. "To na ba ki. Ki sake rubutawa yadda ya faru. Amma ki bar sunana a inda ta bar shi." Ya juya baranda. "Kai kuma da ka tsaya kamar an dasa ka, je ka gaya wa baffanninka su shirya, jibi za mu Gyaɗi-Gyaɗi."

Sai a lokacin Nusaiba ta ɗago. Abdulmalik ya rame shi ma, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana dariyar nan tasa mai kama da tarin tsohuwar mota, hawaye na zuba.

An yi biki, Goggo Lanti ta kife ƙwarya a ruwa ta yi amshi da muryar da ta rage mata. Shekara na zagayowa Allah ya ba su ɗa namiji, aka sa masa sunan kakansa. Ranar suna wata ƙawar Nusaiba ta leƙo ɗaki ta ce, "Maijego, me aka sa wa yaron?"

Nusaiba ta buɗe baki, sai ta ji sunan ya tsaya mata a maƙogwaro. Na surukinta ne, kuma na ɗan farinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba za mu riƙa ce masa."

Umma da ke gefe ta yi dariya har da tafi. "Au! Ba tsohon yayi ba ne?"

Haka Nusaiba ta koyi cewa mutanen da suka wuce ba kayan alƙalami ba ne, suna da 'ya'ya masu zuciya, kuma gaskiyarsu ta fi duk ƙawar da za a yi musu. Ta koyi cewa haƙuri da biyayya ga iyaye ba sa tashi a banza, da cewa akwai son da ba ya kiran suna. Da azumi ya kama, Abdulmalik ya shigo ya tarar da ita durƙushe a gaban jaririn yana barci, ta ɗora tsinken tsintsiya a gefen 'yar ƙafarsa, tana karyawa daidai babban yatsa.