A Sawun Takarkarin Baba

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya kake, Garba!"

Ban san sanda na fito daga bayan danga ba. Ƙwaryar da ke hannuna ta suɓuce, ruwan ya malale a gaban Baba.

Garba ɗan abokin Baba ne, shekara biyu yana zaryar neman aurena ina ƙi. Ya sunkuyar da kai kamar mai jin tausayina.

"Inde, da idona na gani. Muna wuce Jiratawa ya ware daga ayari, ya kora takarkarin ya shiga daji. Tun ranar ba wanda ya sake ganin Ɗan Azumi."



Takarkarin nan, bijimin da ke ɗaukar mana kaya, shi ne dukiyar gidanmu. Kwana ashirin ke nan da Baba ya ɗora mashi taiki biyu na bandar kifin da muka sha wuyar kamawa a tafkin Madarumfa, ya damƙa shi a hannun Ɗan Azumi ya bi ayari zuwa Tasawa. Ɗan Azumi falke ne, kuma shi zuciyata ta zaɓa. Baba bai taɓa sonshi ba, wai mutumin da ba shi da gona ba shi da wurin zama. Gwaggo Tani, yayar Baba, ita ta lallashe shi ya gwada shi da wannan amana.

Baba ya dube ni, idonshi jajur.

"Kin ji ko? Daga yau kada in sake jin sunan yaron nan a gidana."

Na durƙusa a gabanshi.

"Baba, ka bar ni in bi sawu... In har gudu ya yi, da bakina zan ce na haƙura."

"Ke ɗiya mace? A hanyar da mahara ke tare mutane?"

Gwaggo ta aje tsintsiyar hannunta.

"Haruna, ni na tsaya mashi, ni zan tahi da ita. Hanyar Tasawa ba baƙuwata ba ce."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki komarshi ya nufi tafki.

Da hantsi muka kama hanya. Ƙunshin zane da guzurin ƙuli-ƙuli a kaina, gorar ruwa a kafaɗa, Gwaggo tana gaba da sandarta. Muka raɓu da wasu masu jakuna, don ba a ratsa dajin nan mutum biyu.

A zangon farko wata tsohuwa mai saukar da baƙi ta ba mu rumfa da tabarma. Ban ko sauke kayana ba na tambaye ta.

"Inna, ko kin ga ayarin Tasawa? Da wani dogo mai jan takarkari, ƙahonshi ɗaya a karye?"

"Na gan shi ƙwarai. Nan ya shayar da shi."

Na dubi Gwaggo. Mun wuce Jiratawa da nisa, ga shi kuma an gan shi cikin ayari!

"Sai dai fa..." tsohuwar ta yi jim. "Yana ɗingishi. Tuwon da na ba shi ma bai ci ba."

Daɗin da na fara ji ya koma ciki.

Kwana na biyu ƙafafuna suka yi bororo. Muka wuce wani ƙauye da aka ƙone, rumbuna sun zama toka, ko kaza babu. Masu jakuna suka daina hira. Ganye ya motsa sai in ƙanƙame zanen Gwaggo.

"Gwaggo, in sun kama shi fa? In sun sayar da shi?"

"Rufa mani baki, ki ɗaga ƙafa."

Amma na ga leɓenta na motsi, addu'a take.

A zango na biyu ba wanda ya tuna da shi. A na uku wani mai sayar da kanwa ya ce ya ji an binne wani baƙo a gaba, bai san sunanshi ba. Na koma bayan rumfa na yi kuka har muryata ta dushe.

Rana ta huɗu da la'asar muka shiga wani gari kafin Gazawa. Aka nuna mana gidan fatoma, mai saukar da fatake. Ina sa ƙafa a zaure na hango shi ɗaure gindin wata tsamiya, yana tuƙa abinshi.

Ja ne. Ƙaho ɗaya a karye.

"Gwaggo! Ga shi! Ga takarkarinmu!"

Na yar da ƙunshina. Fatoman ya taso yana kallonmu.

"Ku ne mutanen Madarumfa? Kai, kun daɗe! Ai tun tuni yaron da ya zo da shi ya aika."

"Yana... yana da rai?"

Ya nuna mani wata bukka.

Yana kwance a kan tabarma, ya rame har na kusa rasa gane shi. Ƙafarshi ta dama ta kumbura kamar turmi, ga kurkunu fari siriri ana naɗe shi a jikin tsinke. A bayanshi taikunan Baba ne guda biyu, ya jingina kai da su.

Ya buɗe ido.

"Inde...? Ko zazzaɓin ne ya dawo?"

"Ni ce, Yaya. Ni ce!"

"Da ƙafa kika zo, sanyin idona? Dubi ƙafafunki..."

"Kai dubi taka!"

Muka yi dariya, hawaye na zuba.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaro, mi ya hana ka aiko?"

"Na aika, Gwaggo. Da ƙafar ta ƙi takuwa madugu ya ce ba ya tsayar da ayari don mutum guda. Garba ya ce in ba shi takarkarin ya ƙarasa da shi, na ce Baba Haruna hannuna ya sa wa, ba hannunshi ba. Na roƙe shi in ya koma gida ya gaya maku inda nake. Ya rantse mani."

Gwaggo ta tafa hannu tana salati.

Ni kuwa wani tsoron ne ya taso mani. Wa zai gaya wa Baba ya yarda? Gwaggo ce ta tsaya wa Ɗan Azumi, ni kuma an san ina sonshi. Garba na can gida yana ƙara zuba.

Washegari ina tsugune ina dafa mashi ruwan gashi, na ji sallama a zaure. Muryar ta sa ludayi ya faɗi daga hannuna.

Baba ne. Rigarshi ta yi duƙun-duƙun, takalminshi ɗaya ya tsinke yana riƙe da shi a hannu. Ashe tun washegarin fitowarmu ya kasa zama, ya biyo bayanmu zango zango.

Bai kalle ni ba. Ya wuce wurin takarkarin ya shafa wuyanshi, ya ga ya ƙoshi. Ya shiga bukkar, ya tsuguna gaban taikunan yana bin ɗinkin da yatsa. Ɗinkinshi ne, ko zare ɗaya ba a warware ba.

Fatoman ya ce, "Malam, kwana ashirin yaron nan kunu kawai yake sha. Na ce ya buɗe ya ɗebi kifi a yi mashi romo ya ji ƙarfi, ya ce ba nashi ba ne."

Ɗan Azumi ya yunƙura zai tashi.

"Baba, ka gafarce ni, ban kai Tasawa ba..."

"Kwanta."

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Sai ya zaro wuƙarshi ya farke bakin taiki ɗaya, ya ɗebo kifi cike da hannu biyu ya miƙo mani.

"Ki yi mashi romo, ki sa yaji sosai."

Na karɓa.

Ya juya wajen fatoma.

"Akwai liman a garin nan?"

"Akwai, Malam."

"To a kira shi, a nemo goro. Ɗiyata ba ta jinyar wanda ba mijinta ba."