Ƙarar Mai Inuwa

Gab da magariba Yaya da Auta suka hau saman bene kwashe shanya. Auta ce riƙe da kwando, tana mitar cewa ita kaɗai ake aike a gidan nan.

"To waye zai aiki Alƙaliya?" in ji Yaya.

Alƙaliya sunan Yaya ne a wasan da suke yi ta waya. Zaure ne na rubutu, inda kowa ke riƙe da ɗaya daga allolin tatsuniya na wata duniyar ƙage: wani iska, wani wuta, wani annoba. Kowa yakan rubuta abin da nasa ya aikata, labari ya yi ta tafiya. Auta ce Mai Ruwa. Yaya ba ta riƙe kowa ba. Aikinta raba gardama, kuma ta iya, don a asibitin da take ba da magani ma yini take tana cewa a'a cikin ladabi.

Dokokin ba su da yawa. Ba ka rubuta wa wani motsinsa sai da izininsa. In an ɗaga ƙara, wasa ya tsaya cak sai an yanke hukunci. Ba a korar mutum ba a saurare shi ba. Duk mai shigowa sai ya rubuta "Na yarda."

Mai Inuwa ma ya rubuta. Ba wanda ya tuna shi ya gayyato shi. Ba hoto, ba lamba, sai Hausa mai tsafta irin ta tsofaffi.

Wayar Yaya ta yi ƙara a aljihu. Ta ciro ta da hannu ɗaya, zanin gado a kafaɗarta. Saƙo ne daga Mai Inuwa.

*Mai Ruwa ta ajiye kwando.*

A bayanta kwando ya taɓa siminti, a hankali.

Iska ta ɗauke. Kayan da ke kan igiya suka daina motsi. Wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. A gefen tankin ruwa akwai inuwa doguwa, alhali rana ta riga ta faɗi.

*Mai Ruwa ta taka zuwa bakin katanga.*

"Ke Auta, ba na son iskanci."

"Yaya," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Ba ni ba ce."

Silifas ɗinta na jan ƙasa. Katangar ba ta wuce gwiwa ba, ƙasa kuma can nesa, motoci kamar ƙwari.

Yaya ta cafko hannunta. Sanyi ƙalau, da nauyi kamar ƙarfen gini. Sai ma ita Yaya aka ja. Ta saki, ta danna wurin cire Mai Inuwa daga zaure. Bai motsa ba. Ta sake dannawa, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

*Ba a saurare ni ba,* ya rubuta.

Nan ta tsaya. Ashe yana bin doka.

Sai ta rubuta: *An ɗaga ƙara. Wasa ya tsaya.*

Ƙafar Auta ta tsaya a sama, bisa katanga.

*Da me ake tuhumata?*

*Ka rubuta wa wata motsinta ba izini.*

*Da izini.* Ya turo tsohon saƙo. Jiya shi da Auta sun fafata a kan wani kogi na wasan, ya cinye ta, Auta ta rubuta da hoton dariya: *Na sallama, ka yi yadda ka ga dama da Mai Ruwa.* Haka kowa yake rubutawa in ya gaji da gardama yana son ya tashi.

Tankin ya yi wani ƙugi daga ciki.

*Alƙaliya ba ta son kai,* ya ƙara. *Ko don 'yar'uwarta ce?*

Ƙaryata shi ya fi sauƙi. Amma ta lura dokar kaɗai ce ke riƙe da ƙafar nan a sama. In ta karya, ta kwance shi.

*Izinin ya inganta,* ta rubuta.

"Yaya!"

"Yi shiru, ana shari'a."

Inuwar ta miƙo har kan yatsun ƙafar Yaya. Sanyi ya ratsa ta zuwa haƙora.

*Hukunci: Mai Ruwa taka ce. Kogunanta, ruwan samanta, sunanta, kwashe. Yarinyar da ke rubuta ta ba ta cikin labarin, ba wanda ya ba ka ita. Ita kuma an saurare ta, na sallame ta daga wasa.*

Ta danna sunan Auta. Nan take ya fita.

Auta ta zube ta baya, kan siminti, tana tari kamar wadda aka tsamo daga kogi. Ruwa na fita ta hancinta.

Murfin tanki ya ɗaga.

*Alƙaliya ta*

Rubutun ya tsaya nan. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Wani numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyar Yaya.

Ba ta waiwaya ba.

*Ƙarasa mana,* ta rubuta. *Alƙaliya ba ta riƙe kowa a wasan nan. Ba ka da abin kamawa. Kai ka ce ka yarda, ba wanda ya tilasta ka.*



Sai tankin ya fashe daga gindi. Ruwa baƙi ya malale benen, ya jiƙa shanyar duka. Yaya ta ja Auta suka gangara matakala, ba kwando, ba takalmi.

Umma ta yi faɗan wanki har ta gaji. Mai gyaran famfo ya ce tankin tsufa ya yi. Auta ta sauya waya, kuma har yau ba ta hawa bene ita kaɗai.

'Yan wasa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, don sunan Mai Ruwa ya ci gaba da rubutu ba kowa a bayansa. Auta ta roƙi Yaya ta rufe zauren. Ta ƙi. A cikin zaure Mai Inuwa yana da doka. A waje ba ta san abin da yake da shi ba.

Ranar da aka kafa sabon tanki, ana kiran magariba, wayar Yaya ta yi ƙara a kan teburin kicin. Mai Inuwa ne.

*Ina da ƙara.*

Yaya ta rage wutar girki, ta goge hannu a gefen zani.

*Ka jira in idar da salla.*